Ya ɗauke ni bidiyo a ɓoye, yanzu kuɗi yake nema

Tambaya: Malam, ina zaman kaina ne a Katsina, iyayena suna ƙauye ba su sani ba. Wani da yake zuwa wurina ya ɗauke ni bidiyo a ɓoye. Ya ce ko in tura masa dubu hamsin ko ya watsa. Ana iya goge shi daga wayarsa? A sakaya sunana.

Amsa: Baiwar Allah, daga wayarsa dai ba mai iya goge miki shi daga nesa. Duk wanda ya ce ki biya shi ya yi miki kutse, ɗan damfara ne na biyu. Kuma kada ki tura ko sisi, don wanda aka ba yau gobe ma zai dawo.

Na san abin da ya dogara da shi. Ya san mace mai zaman kanta tana tsoron kai ƙara, kada maganar ta juyo kanta, ta kai ga Hisbah, mai gida ya kore ta, labari ya isa ƙauye. Wannan tsoron ne jarinsa. Amma sana'arki ba ta ba shi lasisin ɗaukarki a ɓoye ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta aika batsa ta intanet da kuma yin barazana don karɓar kuɗi.

Kafin ki toshe shi, ki ɗauki hoton duk saƙonninsa, da lambarsa, da lambar asusun da ya turo. Lambar asusun ce ta fi tona asiri, tunda asusu a haɗe yake da BVN.

Idan ya turo miki bidiyon, shiga shafin StopNCII.org, wanda aka buɗe a 2021 don 'yan shekara 18 zuwa sama. Bidiyon ba ya barin wayarki. Wata lamba ce ake cirowa daga jikinsa, kamar zanen yatsa, a ba su Facebook, Instagram da TikTok su tare shi idan an ɗora. Google ma yana da fom na cire irin wannan daga sakamakon bincike.

Matsalar ita ce WhatsApp, inda kuwa nan aka fi yaɗa irin wannan a garinmu. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin ma ba ya gani, don haka waccan lambar ba ta aiki a can. Sai dai ki kai rahoton lambar wayar mutumin ta cikin manhajar, wanda ke tura musu saƙonni 5 na ƙarshe.

Batun hukuma kuwa, ban ba ki shawarar zuwa ofishin 'yan sanda ke kaɗai ba. Fara ganin lauya mace, irin na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ki faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye, ita za ta san ta inda za a shigar da ƙarar.