Amsa ga mai son sayar da gidan da bai daɗe da saye ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi gida a unguwar Bobiel ta Yamai wata huɗu da suka wuce a kan miliyan 18 na sefa, ka gyara, ka samu mai saye a miliyan 27, amma bankin da zai ba shi bashi sai jan ƙafa yake, har kana zargin dokar kwana 90 da ka gani a intanet.

Cire wannan dokar daga ranka. Ta Amurka ce: can hukumar FHA ba ta tsaya wa bashin gidan da mai shi bai wuce kwana 90 da saye ba. Ba ita ake dubawa nan Yamai ba. Na daɗe ina dillancin gidaje da filaye, kuma abin da na gani shi ne banki bai damu da ribarka ba. Tambayarsa guda ce: in mutumin nan ya kasa biya, gidan zai maido kuɗinmu?

To, sunan wa ke kan takarda? Da yawa muna saye, mu karɓi takardar cinikin da notar ya yi, mu jefa a durowa, ba mu bi an juya sunan a ofishin rajistar filaye ba. Ranar da ma'aikacin banki ya buɗe dosiye, sai ya ga titir fonsiye, wato takardar mallakar gidan ta dindindin, da sunan tsohon mai gida, ga kai kuma kana cewa naka ne. Nan take zai rufe. In ma takardar meri ce kawai a hannunka, wato akt da sesiyon, akwai sauran tafiya, don jinginar banki a kan titir fonsiye take zama.

Sai maganar kuɗi, inda aka fi cizon yatsa. Tsakani da Allah, miliyan 18 ɗin ne aka rubuta a takardar ciniki? Don na san halinmu: a biya 18, a rubuta 10 saboda kuɗin rajista ya ragu. Ranar kowa yana murna. Yau kuma banki yana ganin gidan miliyan 10 ya koma 27 cikin wata huɗu. Me kake so ya ce? Ko dai kai da mai sayen kun haɗa baki kun hura farashi ku raba kuɗin, ko kuma ana wanke kuɗin haram ne da gidan. Kuma doka ta wajabta musu kai rahoton duk cinikin da ya ba su shakka ga hukumar CENTIF mai bin diddigin wanke kuɗin haram, balle in tsabar kuɗi ka zube a leda lokacin saye.

Za su turo masanin ƙima. Shi fenti ba ya ruɗa shi. Zai ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, ya duba alamar ruwa a gindin katanga, don ambaliyar 2020 ta koya wa kowa hankali a garin nan. Abin da ya rubuta, a kansa za a ba da bashi, ba a kan abin da kuka shirya da dillali ba. Saboda haka ka tattaro rasit na siminti, na tayil, na magini da mai haɗa wuta, da hotunan gidan kafin gyara in kana da su.

Ba ka faɗa mana ba ko kai ma da bashi ka saya. In haka ne, gidan na jingine, kuma a dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, jingina tana bin gida duk hannun da ya koma. Sai notar ya biya bankinka daga kuɗin cinikin, an ba da takardar sakin jingina, sannan bankin mai saye ya ɗora tasa. Ka duba yarjejeniyarka ma, wasu na cin tara in ka biya kafin wa'adi.

Shawarata, je wurin notar tun gobe ya duba matsayin titir ɗin. Kafin nan kada ka taɓa kafin alƙalamin da mutumin ya ba ka, don in banki ya ƙi, zai zo neman abinsa.