Fenti yana toshe fuskar ƙananan sojojina, kuma yana ɓantarewa bayan 'yan wasanni: mene ne dalili?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara wasan yaƙi na kan tebur ba. Na sayi ƙananan sojoji masu tsayin milimita 28, yawancinsu na filastik, kaɗan na ƙarfe, na yi musu fenti da kaina. Fentin ya toshe idanu da maɓallan riga, idan kuma na jera su a tebur sai su zama dunƙulen launi ɗaya, ba a bambance hannu da ɗamara. Na ƙarfen suna ɓantarewa a gwiwar hannu da bakin takobi. Sannan wani tudu da na sassaƙa daga farin soson filastik ya narke a gabana da na fesa masa fenti. Ina gyaran yake?

Amsa: Barka kadai. Matsalolin da ka lissafo, ko da yake kowace da irin kamanninta, suna komawa ne ga abubuwa biyu da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe kafin ya tsoma buroshi a fenti: sojan nan daga nesa za a riƙa kallonsa, kuma da yatsu za a yi ta ɗaukarsa ana ajiyewa. Teburin wasa na yau da kullum yakan kai tsawon santimita 180 da faɗin 120, don haka tsakanin idon ɗan wasa da sojansa akwai kimanin mita guda, alhali kai da ka yi fentin kana riƙe da shi dab da hancinka.

Bari mu fara da toshewar fuska, domin lissafi kaɗan zai bayyana ta. Sojan milimita 28 yana wakiltar mutum ne da aka rage girmansa kusan sau sittin. Maɓallin riga mai faɗin santimita ɗaya da rabi zai dawo rubu'in milimita ke nan a jikin sojan, ramin ido kuwa da layin leɓe duk ba su wuce haka da yawa ba. Fentin akirilik, wato irin fentin da ake sirkawa da ruwa, idan aka ɗebo shi kai tsaye daga kwalba yana da kaurin da shafa ɗaya tak za ta cike waɗannan ramuka, kuma saboda yana bushewa cikin 'yan mintoci, sawun gashin buroshi yakan daskare a cikinsa. Maganin shi ne a sirka fentin da ruwa a kan faranti har ya yi kaurin madara, a shafa shi sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, tushe, wato launin da ke jikin sojan kafin wannan shafi, yana leƙowa ta ƙarƙashinsa, kuma a daidai nan ne yawancin masu koyo ke karaya su koma ga fenti mai kauri. Kada ka koma kan wurin da ya fara bushewa da niyyar gyara shi, domin buroshin zai yage fatar da ta soma kamawa ya bar gurbi. Ka wuce zuwa wani sojan, ka dawo daga baya. Ja da rawaya da fari sun fi sauran launuka wuyar rufewa, saboda haka a kan baƙin tushe gara ka fara shimfiɗa ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske kafin su.

Abin da ke sauƙaƙa wannan sirki shi ne jiƙaƙƙen faranti, wanda kowa zai iya haɗawa da kansa: ƙaramin mazubi mai murfi, soso ko takardar goge hannu da aka jiƙa a ƙasa, sai takardar da ake gasa burodi a kanta, marar kakin zuma, a sama. Danshin da ke ratsowa yana hana fentin bushewa na tsawon sa'o'i. Game da buroshi kuwa, ra'ayina ya saɓa wa abin da masu koyo ke zato. Suna sayen mafi ƙanƙanta, mai lamba 000, suna ganin shi ya dace da ƙaramin abu, amma gashinsa ba ya riƙe ruwa, fentin yakan bushe tun kafin ya isa jikin sojan. Buroshi mai lamba 1 ko 2 wanda bakinsa ke da tsini ya fi shi aiki nesa ba kusa ba, har a wurin ido. Ka kiyaye kada fenti ya hau zuwa ƙarfen da ya ɗaure gashin, domin idan ya bushe a can, bakin buroshin zai rabu biyu, kuma da wuya ya sake haɗuwa.

Zancen dunƙulewar launi a tebur shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa. Idan mutum ya tsaya a rana, ninkin rigarsa yana yin inuwa mai zurfi da kansa, amma ninkin da bai kai milimita ba ba ya iya tare haske, saboda haka ido ba ya ganin komai sai launi shimfiɗaɗɗe. Aikin mai fenti shi ne ya zana inuwar da hasken da hannunsa, kuma ya zarce da su fiye da yadda suke a zahiri. Ana farawa da launin asali na kowane sashe. Bayan ya bushe sai a bi shi da tsinkakken fenti mai duhu, wanda aka yi musamman don ya gangara cikin ramuka ya bar tudu. Waɗanda ake sayarwa a shirye suna ɗauke da sinadarin da ke sa ruwan ya malala maimakon ya taru, shi ya sa suka fi fentin da aka tsinka da ruwa zalla, wanda yakan bushe ya bar zobe kamar tabo. Ka sa ido a kan wurare masu faɗi irin su garkuwa da bayan alkyabba, inda ruwan ke kwanciya, ka tsotse rarar da buroshi mai ɗan danshi tun bai bushe ba. Daga nan sai ka dawo da launin asali a kan tudun ninki kaɗai, ka ƙara masa haske kaɗan a kafaɗa, da saman hula, da ƙashin kunci da karan hanci. Ga gefen sulke da bakin makami, ka ja gefen buroshin a kan kaifin maimakon tsininsa, layin zai fito siriri ba tare da rawar hannu ta ɓata shi ba.

Yadda za ka gane ko aikin ya isa shi ne ka ajiye sojan a tebur, ka miƙe tsaye ka dube shi. Idan a hannunka ya yi kama da an wuce gona da iri, to a tebur daidai yake. Ni ban ga amfanin ɓata lokaci wajen zana ƙwayar ido ga sojan da zai tsaya a sahu na uku cikin mutum talatin ba, inuwa mai duhu a ramin idon ta wadatar. Ka adana wannan wahala don jagoran runduna. Haka kuma ka riƙa yin su rukuni-rukuni, biyar ko goma, launi ɗaya a kan kowa kafin ka canza, ta yadda kafin ka gama na ƙarshe na farko ya bushe.

Akwai kuma gajeriyar hanya da ta yaɗu tun shekarar 2019, lokacin da kamfanin Games Workshop na Ingila, mai wasan Warhammer, ya fito da fentin Contrast, daga baya The Army Painter da Vallejo suka kawo nasu irin. Fenti ne da haske ke ratsawa, wanda ake shafawa sau ɗaya a kan tushe fari ko mai haske, ya taru a rami ya yi duhu, ya sirance a tudu ya yi haske. Yana da kyau ƙwarai a kan gashi, da fatar dabba da tufafi masu ninki, amma a kan fili mai santsi irin jikin motar yaƙi yakan bar dabbare.

Ɓantarewar sojojin ƙarfe tana farawa ne tun kafin fenti. Ana shafa wa mazubin da ake zuba ƙarfe ko rezin (wani ruwa mai daskarewa ya yi tauri kamar filastik) don fitar da siffar soja wani abu da ke hana su mannewa, kuma ragowarsa, tare da maiƙon hannu, yana zama a jikin sojan ya hana komai kamawa. Ka wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka bari su bushe. Ka kankare siririn layin da ke zagaye jiki inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, da bayan wuƙa mai kaifi, domin tsinkakken fenti zai fito da shi fili. Idan tsofaffin sojoji ne da aka zuba kafin ƙarshen shekarun 1990, mai yiwuwa akwai dalma a cikinsu, saboda haka a wanke hannu bayan an kankare su, kuma ƙurar rezin ma ba abar shaƙa ba ce. Bayan wanki sai fentin tushe, wanda aka haɗa shi don ya kama ƙarfe da filastik ya kuma ba fentin sama wurin riƙewa. Daga bayaninka ina kyautata zaton wannan mataki ne ka tsallake, domin akirilik a kan tsiraicin ƙarfe farce kaɗai yana ɗaga shi. Ka girgiza gwangwanin feshin na minti biyu, ka riƙe shi nesa da sojan da kimanin santimita 20 zuwa 30, ka fesa a gajerun wucewa, kana fara fesawa kafin ka iso kansa kana sakewa bayan ka wuce. Idan ka matso da yawa zai kwarara ya cike ramuka, idan ka yi nisa ko iska ta yi zafi ƙwarai, fentin zai bushe a hanya ya sauka da kaushi kamar an barbaɗa yashi. Ka ba shi kwana guda kafin ka ɗora launi.

A lokacin aikin ma kada ka riƙe sojan da yatsu. Ka manna gindinsa a kan murfin kwalba ko guntun katako ka riƙe can. Idan an gama, sai a rufe shi da ruwan kariya marar launi, shafi biyu marasa kauri. Ga na ƙarfe, da yawa sukan fara da mai ƙyalli sannan su bi shi da marar ƙyalli, kuma wannan yana da wata fa'ida ta daban, wato duk ranar da ka ga gwiwar hannu ta fara sheƙi ka san shafin sama ya cinye, lokacin sabuntawa ya yi. Kada ka fesa shi a ranar da iska ke da danshi sosai, domin yana iya bushewa da farin hazo a kan aikin gaba ɗaya. Ka gwada a kan wani abin da ba ka damu da shi ba tukuna. Sauran ɓarnar kuma a cikin akwati take faruwa, inda sojojin ƙarfe masu nauyi ke karo da juna. Ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin gindin kowane soja da faifan ƙarfe a ƙasan akwatin sun isa su kawar da ita.

Tudun naka kuwa, abin da ya cinye shi shi ne sinadarin da ke narkar da fenti a cikin gwangwanin feshi, wanda yake narkar da irin wannan soso nan take. Gam mai kamawa nan da nan ma yakan yi masa haka. Farin gam na katako shi ne abokin aikinsa. Ka gauraya shi da fenti mai duhu da ɗan ruwa, ka shafe tudun duka sau biyu ba tare da barin ko ƙaramar kafa ba, sannan ko dai ka fesa daga nesa, ko kuma, wanda ya fi kwanciyar hankali, ka ci gaba da babban buroshi. Kada ka zubar da wanda ya narke, ramukan da suka fito sukan yi kama da dutsen da ruwa ya zaizaye idan an rufe su da gam da yashi. Ka lura cewa gam yana tsukewa idan ya bushe, shi ya sa gindin tudu idan na kwali ne yake lanƙwashewa. Katako siriri ya fi, ko kuma a shafe kwalin ta fuska biyu. Haka kuma tudun wasa gara a yi shi hawa-hawa mai shimfiɗaɗɗen sama, tunda soja ba ya tsayawa a kan gangara.

Ba a ɓata fentin sojoji mai tsada a kan ƙasa da duwatsu, akirilik na gama-gari ya isa. Bayan yashin da aka barbaɗa a kan gam ya kama, a shafe shi da ruwan ƙasa mai duhu, sannan a yi amfani da busasshen buroshi: a tsoma babban buroshi mai taurin gashi a launi mai ɗan haske, a goge shi a takarda har sai kusan babu abin da ke fita, a riƙa share saman yashin da shi a hankali, ta yadda ƙwayoyin da suka ɗago ne kaɗai ke ɗaukar launin. A maimaita da launi mafi haske da hannu mafi sauƙi. Dutse idan aka bar shi da ruwan toka zalla yakan yi kama da siminti, sai an ɗiga masa tsinkakken ruwan ƙasa da ɗan kore a tsaguwa yake yin rai. Ciyawar roba a manna ta tsibi-tsibi a gindin dutse da lungu, kada a shimfiɗe ta ko'ina. Kuma ka bar launukan filin su fi na sojojin dusashewa, domin idan tudu ya fi runduna ɗaukar ido, wahalar da ka sha wajen inuwa da haske ta tafi a banza. Gindin kowane soja ka yi masa yashi da launuka iri ɗaya da na filin, ka zagaye gefensa da launi guda mai duhu.

Sojojin da fenti ya riga ya toshe ba su lalace ba. Ka jiƙa na filastik a cikin sinadarin aisofurofil, wani nau'in sifirit na goge-goge, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, na 'yan sa'o'i, ka goge da buroshin haƙori, akirilik zai saki. Asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, ya fi sauri, amma ƙarfe kaɗai yake wa amfani, domin yana narkar da filastik, har da gindin da sojan ƙarfen ke tsaye a kai, don haka ka cire gindin kafin ka tsoma shi. Rezin kuma kada ya daɗe a cikin kowanne, yana iya yin laushi. Ka yi wannan aiki a inda iska ke shiga, nesa da wuta, ka sake wanke sojojin da sabulu kafin fentin tushe.