Amsa ga mai tambayar hular kwano

Ɗan'uwa, ka ce kana hawa moto kullum a Tawa, wani lokaci har Konni, kuma zafi ya sa kake son hular da ba ta rufe fuska. Na fahimce ka, watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Amma ni dai ina roƙonka ka sayi mai rufe haɓa. Da na faɗi a kan kwalta bara, haɓata ce ta fara taɓa ƙasa, hular ta karce, haƙorana suka tsira.

Nemi fara mai ƙofofin iska sama da gaba, takan fi baƙa sanyi. Gilashinta kuma zai tare maka ƙurar hunturu, sai dai ka guji mai duhu in kana tafiyar dare.

Duba igiyarta, ka ga ko akwai alamar E cikin da'ira, wato gwajin Turai, ECE 22.05 ko 22.06. Hular ta kama kumatunka sosai, kada ta juya in ka girgiza kai. Wadda ta taɓa buguwa da ƙasa kada ka saye ta ko da araha, farin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Kuma ka ɗaure igiyar.