Amsa: wai akwai gasar sumo ta 'yan sakandare a Japan?

Malam, kai da ka tambaya ko 'yan sumo, wato kokawar gargajiya ta Japan, sai sun girma suke fara harkar, a'a wallahi, da yawansu tun suna makaranta suke ciki. Akwai babbar gasar makarantun sakandare ta kasa da ake kira Inta-Hai, ana yin ta lokacin hutun zafi wajen watan Agusta, yaron da ya kada kowa shi ake ce wa yokozunan sakandare (yokozuna shi ne mukami mafi girma a sumo). Akwai kuma ta garin Kanazawa a watan Mayu, wadda aka fara tun 1915.

Yaran ba su da tukkun nan na manya, yawanci aski ne kwal, amma da'irar da ake kokawar a ciki iri daya ce, fadin mita 4.55, kuma a karawar neman yokozunan sakandare ba ruwansu da nauyi, sai ka ga siririn yaro ya kama damarar wani katon ya juya shi waje cikin dakika biyar, ni wannan ne ma yake burge ni.

In kana son gane wanda zai yi tashe gobe to ka sa ido kan makarantu irin su Saitama Sakae da Tottori Johoku. Cikin shahararrun 'yan sumo, Terunofuji dan Mongoliya daga Tottori Johoku ya fito, Goeido da Takakeisho kuma Saitama Sakae. Onosato da ya zama yokozuna a 2025 shi a jihar Niigata ya yi sakandare sannan ya wuce jami'a. Amma fa ba kowane zakaran makaranta ke kai labari ba, ciwon gwiwa yana cinye da yawa.