Amsa ga Baffa kan ajin muhawara a makarantun Amurka

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaya ko gaskiya ne a nan ana buɗe wa yara aji don su koyi gardama, kuma ko ba shi ke sa su mayar wa manya magana ba. Ajin yana nan a sakandare da yawa, yaro ne ke zaɓarsa da kansa, kuma ana ba shi maki kamar lissafi. Ƙungiyar da ke shirya gasar ƙasa baki ɗaya tun 1925 aka kafa ta a jihar Wisconsin.

Ya sha bamban da tamu ta firamare, wadda ake cewa likita da malami wa ya fi, kowa ya haddace abin da malam ya rubuta masa. A nan yaro sai ya shirya ɓangarorin biyu. A wani nau'in ma sai an shiga ɗaki ake jefa kwabo, wanda ya ci ya zaɓi ɓangare ko ya zaɓi fara magana. Da safe yarinya ta kare cewa Amurka ta rage sayar wa ƙasashe makamai, da la'asar ta rushe hujjar da bakinta. Wannan ne ya fi damun iyayenmu a nan, wasu na cewa ana koya wa yara baki biyu. Ni dai abin da na gani shi ne yaron da ya san hujjar abokin hamayyarsa ba ya saurin fushi, yana jira a gama kafin ya amsa.

Cikin nau'o'in gasar akwai na mutum ɗaya da ɗaya, mai sunan 'yan siyasar Amurka biyu, Lincoln da Douglas, saboda muhawara bakwai da suka yi kan bauta a Illinois a 1858. Akwai kuma na bibbiyu da ake shekara guda kan maudu'i ɗaya. A wannan ne suke zuba magana da gudu har numfashi na sarƙewa, wai don su tara hujjoji cikin minti takwas. Wannan kam ban ga amfaninsa ba, mai sauraro ba ya tsintar komai.

Maganar kunya kuwa, alƙalan gasa na rage wa yaro maki in ya sunkuyar da kai, sai ya dubi mutum ido cikin ido. Don haka yawancinmu mun raba wa yaran abin gida biyu: a makaranta ɗaga kai, a gida in kawu ya shigo a durƙusa a gaishe shi. Yaran sun fi mu iya wannan canjin. Iyaye kan kuma lura cewa Ketanji Brown Jackson, wadda ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli a 2022, ta yi wannan gasa a sakandarenta ta Miami.

Rigimar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce ranar Asabar, domin ita ce ranar gasa, ita ce kuma ranar Islamiyya. Wasu sun mayar da karatun allo Lahadi, wasu kuma sun cire yaran daga ajin gaba ɗaya.