Amsa ga Malam kan karatun yaran Yahudawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Allah gafarta Malam, na saurari tambayar da ka yi jiya da dare, wato ko Yahudawa suna da inda suke koya wa ƙananan yaransu addini kamar yadda muke da makarantar allo da Islamiyya. Suna da shi, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin littafinsu na Talmud ya ruwaito cewa tun ƙarni na 1 Miladiyya wani babban limaminsu, Yoshuwa ben Gamla, ya ba da umarnin a ajiye malamai a kowane gari, a riƙa kai musu yara masu shekara 6 ko 7, kuma a cikin Talmud ɗin ne aka ƙayyade wa malami ɗaya yara 25.

Makarantar gargajiyar sunanta heder, ma'ana ɗaki, domin a ɗakin malam ko wani ɗaki da ke jikin majami'a ake yin ta, har ma Yahudawan Gabashin Turai suna kiran majami'ar kanta shul, wato makaranta. Ranar da aka fara kai yaro, wanda a wasu gidajen yana da shekara 3 kacal, akan lulluɓe shi da mayafin addu'a, malam ya ɗora shi a cinya, ya ɗauko allon da aka rubuta haruffan Ibrananci guda 22, ya shafa musu zuma, yana biyawa yaro yana maimaitawa yana lasa, don karatu ya fara shiga bakinsa da zaƙi. Haruffan daga dama ake rubuta su zuwa hagu, kuma wanda ya san alif da ba, in ya ji alef da bet, ba sai an faɗa masa harsunan 'yan uwa ne ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne naɗaɗɗen littafin Attaura da ake karantawa a majami'a ba shi da wasali ko ɗaya, baƙi ne zalla, saboda haka yaro yakan fara da littafi mai wasali, ya haddace muryar karatun, kafin a amince ya tsaya gaban jama'a. Wannan tsayuwar ita ce bar mitzba, idan namiji ya cika shekara 13. Ta mata akan yi ta a 12 ko 13, gwargwadon ɗariƙarsu.

Kafin wannan, tun yaro yana koyon magana ake cusa masa Shema, ayar kaɗaita Ubangiji da suke karantawa safe da dare. A daren Idin Ƙetarewa kuma, lokacin da suke tuna fitar Annabi Musa da mutanensa daga hannun Fir'auna, autan gida ne yake tashi ya rera tambayoyi huɗu, manya su amsa masa da labarin.

Sai dai, Malam, kada a ɗauka kowane yaro yana samun wannan zurfin. A Amurka, inda Rebecca Gratz ta buɗe makarantar Lahadi ta Yahudawa ta farko a Filadelfiya a 1838, yara da dama sa'o'i kaɗan kawai suke zuwa majami'a a mako, bayan sun taso daga boko a gajiye. A ganina wannan bai isa ba, su ma malamansu sun daɗe suna kukan cewa yaro yakan iya furta Ibrananci bai san ma'anarsa ba, kuma da zarar an watse daga walimar bar mitzba, wasu ba a sake ganin ƙeyarsu a aji. Wassalamu alaikum.