Kindle ko tablet mai rahusa? Amsa ga wani mai gadi a Legas

Wani ɗan'uwa da ke gadin dare a Lekki ya rubuto mini. Ya shiga jami'ar karatu daga gida, NOUN, ya ɗan tara kuɗi, yana so ya san wanne zai saya: tablet mai rahusa, ko Kindle, na'urar karanta littattafai, da ya gani a hannun 'yar maigidansa. Iyalinsa suna Funtuwa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa karatun albarka. Tablet za ka saya.

Ba raina Kindle nake ba. Tun da Amazon ya fito da ita a 2007, aikinta guda ne, kuma ta iya shi. Fuskarta kamar takarda take, ba ta gajiyar da ido, ko cikin rana tsaka za ka ga rubutu tar. Caji ɗaya kan kai makonni, kuma duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya san darajar wannan idan an ɗauke wuta.

To amma me za ka karanta? Darussan NOUN a PDF suke zuwa. Shafin PDF ba ya daidaita kansa da girman fuska, ita kuwa ƙaramar Kindle inci 6 ce kacal. Za ka wuni kana buɗa shafi kana matsar da shi, ita kuma tana jan ƙafa. Haka littattafan fiƙihu na Larabci da aka ɗauki hotonsu, wasulan sai su cakuɗe maka. Sannan kantin littattafanta da kuɗin waje ake ciniki.

Ga kuma gida. Kindle ba ta WhatsApp. Da tablet kuwa, ranar Juma'a uwargida za ta jera maka yara ka gan su ɗaya bayan ɗaya ta kiran bidiyo. A ciki za ka ajiye hoton takardar NIN ɗinka da rasit na kuɗin makaranta, ka cike fom ba sai ka je shagon kwamfuta ba. Mutumin da ke nesa da gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Idan za ka Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja, tafi da ɗan gari wanda ya san kan waya. Nemi tablet mai inci 8 zuwa 10, RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ya gaza 4GB, mai shigar layi da katin memori. In tokumbo ce, wato wadda aka taɓa amfani da ita, a goge ta a gabanka, ka sa asusunka na Google da hannunka, don wata takan kulle da asusun mai ita na farko. Ka jona caja ka ga tana ɗauka, ka karɓi rasit mai sunan shago.

Abin da nake jiye maka shi ne TikTok, yana cinye dare da data. Sauke darussanka da rana, da dare ka kashe data, ka rage hasken fuska. Canjin da ya rage ka haɗa da fawa banki.